Tsofaffin mujallun labaran jarumta na Amurka: a karanta su ko a rufe a leda?

Baƙon Shikago: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da damuwa, ina so masu harkar tsofaffin littattafai su taya ni dubawa. Ranar Asabar na je wani gida a bayan gari inda ake sayar da kayan wani dattijo da ya rasu. Haka suke yi a nan, magada su buɗe ƙofa kowa ya shiga ya sayi abin da ya gani, tun daga cokali har gado. Ni fitilar tebur ta kai ni. A ɗakin ƙasa, ƙarƙashin matakala, na ga wani kwali ɗaure da igiya. Ina kwancewa wani ƙamshi ya buge ni, irin na ɗakin karatun da ya daɗe a rufe, da ɗan zaƙi-zaƙi a ciki. Mujallu ne guda 14, Adventure 9 da Argosy 5, daga 1923 zuwa 1934. Matar da ke karɓar kuɗi ta ce in ba da dala 40 in kwashe. Ko tayawa ban yi ba.

Da dare na ɗauki ta 1925 na fara karantawa. Kafin in gama labari ɗaya cinyata ta cika da ɓarɓashin takarda kamar na ci ƙuli-ƙuli. Da na juya bangon baya, kusurwarsa ba yagewa ta yi ba, karyewa ta yi kamar busasshen ganye. Raina ya ɓaci ƙwarai. Abu ya shekara kusan 100 lafiya lau, ni na illata shi cikin awa ɗaya. To yaya zan yi? In ci gaba da karantawa suna zubewa a hannuna, ko in rufe su in zuba musu ido?

Abban Sadik: Wa alaikumus salam. Yaya, kafin a yi nisa, wace irin mujalla ce wannan? Ta labaran duniya ce ko ta hotuna?

Baƙon Shikago: Ba ko ɗaya ba, ƙanina. Ƙagaggun labarai ne zalla: na yaƙi, na 'yan fashin teku, na masu neman zinariya, na sojoji a sahara, na mahaya dawaki. Su suna ce musu pulp, da sunan markaɗaɗɗen itacen da ake yin takardarsu. Takarda ce mafi arha, mai kaushi, ko gefenta ba a daidaitawa. Wani mai ɗab'i, Frank Munsey, shi ya fara a 1896, ya mai da mujallarsa Argosy ta labarai kaɗai, shafi 192 a kan senti 10. Lissafinsa shi ne mai karatu labari yake bi, ba ruwansa da kyan takarda. Bango kawai ake ƙawatawa da launi don ya fisgi ido a wurin mai jarida. Faɗinsu inci 7, tsawo inci 10.

Daga nan suka cika gari. A fannin jarumta guda huɗu ne manya: Argosy, Adventure, Blue Book da Short Stories. Adventure ta fara a 1910, kuma a tsakiyar shekarun 1920 sau uku take fitowa a wata, ranar 10, 20 da 30, a kan senti 25. Yaƙin Duniya na Biyu ya karya su, takarda ta yi wuya, har gida-gida ake bi ana tattara tsofaffin takardu don yaƙi, kuma a nan da yawansu suka salwanta. Bayan yaƙi ga ƙananan littattafai masu shiga aljihu, ga talabijin. A 1949 kamfanin Street & Smith, ɗaya daga cikin manyansu, ya rufe nasa. Kafin ƙarshen shekarun 1950 an gama.

Mai Laburare: Malam, ka kwantar da hankalinka, ba hannunka ne ya karya ta ba. Ciwon a jikin takardar yake tun ranar da aka buga ta. Itace yana da wani sinadari da ake kira liginin. Masu yin takarda mai kyau suna dafa itacen da magunguna su cire shi. Masu yin ta arha kuwa niƙe gungumen suke yi gaba ɗaya. In iska da haske suka taɓa shi sai takarda ta yi ja, asid ya taru, zarurrukanta su gutsuttsure. Ka ajiye jarida a gaban mota cikin rana kwana uku, za ka ga abin da idonka. Wannan ƙamshin da ya burge ka ma na takardar da ke ruɓewa ne a hankali.

Abin da zan ce ka yi: kada ka kusance su da salatif, gamsa yana ratsa takarda ya bar tabon da ba ya fita. Kada ka yarda a yi musu laminatin, wannan kisa ne. Ka nemi leda irin ta masu adana takardu, ta foliyesta, kowace mujalla da tata, da kwali marar asid a bayanta. Wuri mai sanyi, marar danshi, marar rana. Ɗakin ƙasan da ka same su ma sa'a aka yi ruwa bai shige shi ba. Maganar karatu kuma, ka duba shafin intanet na Internet Archive, an ɗauki hoton fitowa da yawa na Adventure da Argosy shafi-shafi. A Amurka abin da aka buga in ya cika shekara 95 haƙƙin mallakarsa ya faɗi, don haka tsofaffin cikinsu kowa na iya ɗauka. Ka karanta a waya, asalin ya huta.

Baƙon Shikago: Na gode Malam, Allah ya saka. Amma akwai abin da waya ba za ta ba ni ba. A shafin jerin labarai dattijon nan yana sa alama da fensir. Wani labarin ɗigo ɗaya, wani biyu, wani ya ja masa layi ya soke. Akwai ɗaya da ya rubuta a gefe cewa sau uku ya karanta. Rubutun yaro ne a na farko-farko, a na baya hannun ya nuna. Ina bin alamarsa ina karantawa kamar muna hira. Wanda ya soke sai in je in ga me ya ɓata masa rai. In na rufe su a leda na rufe bakinsa ke nan.

Malama Mai Alli: Ku yi haƙuri zan shigo da abin da ba za a so ji ba. Tun ɗazu ana maganar leda da kwali, ba wanda ya tambayi me ke cikin takardar. Waɗannan mujallun su suka koya wa talakan Amurka wane ne ɗan Afirka. A irinsu Tarzan ya fara fitowa, a All-Story ta Oktoban 1912, kuma Edgar Rice Burroughs da ya rubuta shi har ya mutu bai taka Afirka ba. Daga baya aka yi wata mai suna Jungle Stories, ta yi ta fitowa har 1954, jaruminta farar fata ne da ɗan bante, shi ne sarkin daji, baƙaƙe kuwa ko masu ɗaukar masa kaya ko masu mashi da za a harbe. Miliyoyin yara sun tashi da wannan hoton, suka girma suka zama malamai da alƙalai da jakadu. Ɗan uwa, kai da kake zaune cikinsu ka fi ni sanin har yanzu ana tambayarka ko akwai zaki a ƙofar gidanku. Daga ina ka zaci ta samo asali? Ni ban ga dalilin da Bahaushe zai sa kuɗinsa ya yi wa abin da ya zage shi gata ba.

Abban Sadik: Gaskiya Anti ta faɗi magana.

Baƙon Shikago: Malama, ban musa miki ko kalma ɗaya ba, don na gani da idona. A ɗaya daga cikin Argosy ɗin akwai labarin wasu Turawa masu neman hauren giwa. Dokin jarumin yana da suna, bindigarsa an faɗi ƙirarta, amma mutum talatin da ke ɗauke da kayansa a ka ba wanda aka ba suna. Da zazzaɓi ya kashe uku, a layi ɗaya aka faɗa aka wuce. Sai da na ajiye na tashi na sha ruwa.

Amma ba a taru an zama ɗaya ba. A Adventure akwai Harold Lamb, wanda ya fara rubuta musu a 1917. Shi labaransa na Asiya ne, na Mongol da Turkawa da zamanin yaƙin 'yan Salibiyya, kuma a wasu Musulmi ne jarumin, shi ke ba da labarin da bakinsa, mai ilimi da amana, maci amanar kuwa sau da yawa daga ɓangaren Turawa yake. Mutumin ya yi karatun tarihi sosai, daga baya ma littattafan tarihi ya koma rubutawa. Akwai Talbot Mundy, Baturen Ingila da ya zauna a Indiya da Gabashin Afirka, wanda ba ya ɓoye cewa mutanen da aka mallaka sun fi masu mulkinsu fahimtar ƙasarsu. Labarin da dattijon ya karanta sau uku na Lamb ne. Wannan ya sa na ji ina ganin girmansa.

Malama Mai Alli: Mutum biyu ka kawo cikin ɗaruruwa. Kuma ko su ɗin, ga wa suke rubutu? Ga Bature, don ya ji daɗin yammacinsa. Musulmin kirki a labarinsu ado ne. Ban ce ba su iya rubutu ba. Iyawar ce ma take ba ni tsoro, don guba a cikin zuma ta fi saurin shiga.

Ɗan Agadas: Salamu alaikum. Tun ɗazu ina bi, maganar Malama ce ta fito da ni, don mu abin ya taɓa mu kai tsaye. Akwai wani reshe babba na waɗannan labarai, na rundunar sojan haya ta Faransa a sahara. Abin ya yi tashe bayan wani littafi na Ingilishi, Beau Geste, da ya fito a 1924. Ku 'yan Najeriya za ku yi mamaki, farkon labarin a tashar jirgin ƙasa ta Kano mutum biyu suka haɗu, ɗaya yana ba ɗaya labari har Ikko. Barikin da aka ƙaga a ciki an ce masa Zinderneuf, kun ji sunan Zinder ɗinmu a jikinsa. Maharan kuwa Abzinawa ne. Bayan nan mujallun suka yi ta zuba irinsa, Adventure ma tana da marubucinta na musamman a fannin, Georges Surdez.

To a cikin irin waɗannan labarai, mu inuwa ce a bayan tudun rairayi. A yi ihu, a rugo, a faɗi. Alhali mu mun san abin da ya faru. A Disambar 1916 Kawsan, jagoran mayaƙan Abzinawa, ya kewaye barikin Faransawa a Agadas da goyon bayan Sarkin Abzin Tagama, har zuwa Maris na 1917. Da Faransawa suka karɓe garin, abin da suka yi wa mutane, har da malamai, tsofaffinmu ba sa iya ba da labarinsa sai sun yi shiru a tsakiya. Kakata ta haifi mahaifina bayan danginta sun watse daga duwatsun Abzin, ba su sake haɗuwa duka ba. Shekara bakwai kacal tsakanin wannan da littafin can.

Duk da haka, Malama, ni ina so a ajiye su, kuma ina so in karanta. In aka bar su suka ruɓe, gobe jikokinsu za su ce ba a taɓa faɗin haka a kanmu ba. Shaida ce. Ba a ƙona takardar shaida don abin da ke cikinta ya yi ɗaci.

Malama Mai Alli: Allah ya jiƙan magabata, Malam. Na yarda da kai a kan shaida. Amma shaida a ɗakin ajiyar jami'a take zama, masu bincike su duba. Ɗan uwanmu na Shikago ba shaida yake tarawa ba, so yake yi. Ku koma ku karanta yadda ya yi maganar ƙamshi.

Baƙon Shikago: Haka ne, Malama, ba zan ɓoye ba. Ina son su. In labari ya ɗauko guguwa a teku, jirgi na neman kifewa, sai in manta da agogo. Mutanen nan sun san yadda ake riƙe mai karatu. Kuma ina jin zafin da kike ji, duka biyun a zuciya ɗaya. Na gwada in ce ɗaya ya kori ɗaya, ya ƙi. Abin da na sani shi ne ba zan miƙa wa ɗana mai shekara goma labarin hauren giwar nan in tafi in bar shi ba. In zai karanta, tare za mu karanta, in tambaye shi ina sunayen mutum talatin ɗin nan.

Malama Mai Alli: Wannan ya fi. Ban sauka daga ra'ayina ba, amma wannan ya fi.

Baba Tsohon Akawu: 'Ya'yana, Allah ya yi muku albarka, kun tuna mini da ƙuruciya. Kai na Shikago, na ji an ce mujallar nan tana da shafin wasiƙu mai suna. Akwai shi a naka?

Baƙon Shikago: Akwai, Baba, kuma wallahi shi na fi so. Sunansa The Camp-Fire, wato kamar a ce bakin wuta inda matafiya ke hira da dare. Editan da ya riƙe mujallar Adventure daga 1912 zuwa 1927, Arthur Sullivant Hoffman, shi ya raya shi. Masu karatu ba sa ɗaga wa marubuci ƙafa. In ya yi kuskure a ƙirar bindiga ko yadda ake ɗaura sirdi, wani tsohon soja ko matuƙin jirgin ruwa zai rubuto ya gyara masa, marubucin ya dawo ya kare kansa ko ya amsa laifi. A 1925 Mundy ya rubuta labarin da ya nuna Yuliyas Kaisar, shugaban tsohuwar daular Rum, azzalumi ne maƙaryaci, aka yi wata da watanni ana kai ruwa rana a shafin. Ɗaya daga cikin nawa tana ɗauke da wani yanki na rigimar, ina karantawa ina ganin kamar mu ne a nan.

Akwai kuma sashen tambaya, ka aiko da tambaya kan wata ƙasa ko sana'a, wanda ya san wurin ya amsa maka. Akwai na cigiya, irin yadda ake yi a rediyo a gida: uwa na neman ɗanta da ya shiga jirgi shekara takwas ba labari, aboki na neman abokin da suka rabu a wurin haƙar ma'adinai. Har kati suke bayarwa mai lamba, da rubutu cikin harsuna da dama, in mai shi ya mutu ko ya ji ciwo a wata ƙasa, wanda ya tsinta ya sanar da mujallar, su kuma su nemi danginsa. Cigiyar nan ta fi labaran taɓa ni, Baba, don su ba ƙage ba ne. Na kan tsaya in ce ko an gan shi?

Baba Tsohon Akawu: Allahu akbar. To mu namu zamanin ba irin wannan ba ne, amma ɗan uwansa ne. Wajen 1969 zuwa 1971 akwai mujallar African Film da kamfanin Drum ke bugawa. Hotuna ne na mutane na gaske, da magana a rubuce a saman kansu. Jarumin Lance Spearman, mu dai Spear muke ce masa, baƙin mutum da kwat da hula, yana bin 'yan ta'adda. Malama, ki ji wannan: abin da ya sa muka haukace a kansa shi ne karon farko ke nan muka ga mai kama da mu shi ne gwani, ba mai ɗaukar kaya ba. Mu huɗu muke haɗa kuɗi a Kaduna mu sayi ɗaya, a zauna a bakin shago, wanda ya fi iya Turanci ya karanta da ƙarfi. Na tara sun fi 60 a akwatin ƙarfe. Da na tafi kwas na dawo, na tarar an ba mai ƙosai rabi, sauran gara ta cinye ta ƙasan akwatin inda ya yi tsatsa. Ba da mugunta aka yi ba, a idon mutanen gida tsohuwar takarda ce. A 1972 aka daina buga ta. Yau shekara sama da 50 ban sake riƙe ko ɗaya a hannuna ba. Saboda haka ni shawarata, yaro, ka karanta. Ni ajiyewa na yi ina cewa sai na huta zan sake bi, ga shi nan.

Mai Laburare: Baba, wannan labarin naka kullum muna jin irinsa, kuma kullum sai ya yi mini ciwo.

Autar Marubuta: Ina wuni iyayena. Ni abin da ya ja hankalina daban ne, don ina rubuta labari ina sakewa shafi-shafi a WhatsApp. Yaya na Shikago, marubutan nan yaya ake biyansu? Kuma labarin yana ƙarewa a fitowa ɗaya?

Baƙon Shikago: Ƙanwata, kin taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Da kalma ake biya, galibi senti ɗaya kowace kalma, manya su sami fiye. Shi ya sa suke rubutu kamar inji. Frederick Faust sunaye da yawa yake amfani da su, wanda aka fi sani Max Brand, har a fitowa ɗaya za ki ga labaransa biyu da sunaye daban. A Italiya ya mutu a 1944, ya je ɗauko labarin yaƙi. Lester Dent kuma shi ya rubuta mafi yawan fitowa 181 na mujallar Doc Savage tsakanin 1933 da 1949. Ya ma bar wa masu koyo tsari: labari mai kalma 6000 a raba shi huɗu, kowane kashi a ƙara jefa jarumi cikin masifar da ta fi ta baya, sai a na ƙarshe ya fid da kansa da dabararsa, ba da sa'a ba.

Maganar ƙarewa kuwa, Argosy mako-mako take fita, kuma kowace fitowa tana ɗauke da dogayen labarai da yawa masu ci gaba, wani na farawa wani na tsakiya wani na ƙarewa. Dabara ce don kada ka taɓa samun makon da za ka ce na gama. Yanzu haka ina da kashi na 3 na wani labari mai kashi 6. An bar jarumin ɗaure a cikin jirgin da ya kama da wuta. Tun 1932 yake ɗaure a wurin, ni kuma ba ni da na 4.

Autar Marubuta: Ikon Allah! Ai mu ma haka muke yi, a tsaya daidai inda numfashi zai ɗauke, wadda ke son ci gaba ta biya. Ashe an riga mu da kusan shekara 100. Wannan tsarin na kashi huɗu zan gwada shi a labarin da nake kai. Amma yaya, ba za ka iya samun na 4 ɗin ba?

Baƙon Shikago: Zan nema. Akwai taron masu tara su da ake yi duk shekara a nan kusa da Shikago, Windy City Pulp and Paper, da wani kuma PulpFest a wani garin. Dillalai ke baje su a tebur. Irin nawa ba su da tsada sosai, masu tsadar su ne waɗanda wani sanannen jarumi ya fara fitowa a ciki. Ta Tarzan ɗin da Malama ta ambata, dubun-dubatar daloli ake sayenta a gwanjo.

Malama Mai Alli: Ka ji ko? Wadda ta fi zaginmu ita ta fi daraja.

Ɗan Agadas: Saboda ta yi ƙaranci ne kuma sunan ya shahara, Malama. Amma na fahimci abin da ya sosa miki rai.

Mai Laburare: Bari in ja mu gida kaɗan, don abin da ya ci Doma ba zai bar Awe ba. Littattafanmu na Hausa da aka yi ta bugawa a Kano daga tsakiyar shekarun 1980, na soyayya da na yaƙi, masu fitowa na ɗaya, na biyu, na uku, akasarinsu a kan takardar jarida aka buga su. Ciwo ɗaya ne da na mujallun can, mu kuma ga zafi, wanda ke hanzarta shi, ga hunturu mai busar da takarda, ga danshin damina mai kawo fumfuna, ga gara da kyankyaso. Su can sanyi ya taimake su takardarsu ta kai shekara 100. Namu na 1990 tuni wasu suna karyewa a hannu. Yawancinsu marubutan da kansu suka buga, kwafi kaɗan, aka yi ta ba da haya har suka mutu. Sau da yawa ɗalibi zai zo neman littafi don bincike, a samu na ɗaya da na uku, na biyu ko marubuciyar ba ta da shi. Su ma mujallun Amurka haka aka raina su a zamaninsu, ana cewa karatun 'yan tasha ne. Waɗanda suka tsira, irin dattijon can ne suka ɓoye a ƙarƙashin matakala.

Malama Mai Alli: To a nan ni da kai ba mu da saɓani, Malam. In zan kashe kuɗin leda, a kan waɗannan zan kashe. Kun ma tuna mini, akwai adakar yayata marigayiya a ɗakin Hajiyarmu, ita ma'abociyar karatunsu ce. Bari in na je gobe in duba.

Baƙon Shikago: Ni ga abin da na yanke. Na duba intanet daren jiya, 10 daga cikin 14 akwai hotonsu. Waɗannan zan karanta labaran a waya, in riƙa buɗe shafin fensir ɗin dattijon kawai. Guda 4 ban same su ba, su zan ɗauki hotonsu shafi-shafi kafin su ƙara lalacewa, in ɗora don kowa ya samu. Guda 2 daga cikin 14 ɗin da takardarsu ke da sauran ƙwari kuwa a hannu zan karanta, kamar yadda Baba ya ce. Malam na Agadas, ɗaya daga cikin huɗun tana da labarin sojan sahara, kai zan fara tura wa.

Ɗan Agadas: Ina jira. In na karanta zan faɗa muku abin da suka faɗa daidai game da raƙumi da rijiya, da abin da suka ƙaga.

Baba Tsohon Akawu: In wani ya ci karo da African Film ko guda ɗaya ce, ko hotonta ne, don Allah a tuna da ni.

Malama Mai Alli: Salamu alaikum, na dawo. Na buɗe adakar. Littattafai 37 ne, a ƙarƙashin zannuwanta, ta naɗe su a tsohon ɗankwali. Gara ba ta shiga ba, alhamdu lillahi, amma guda 5 na ƙasa sun manne da juna, da alama ruwa ya taɓa su. Ta rubuta sunanta a bangon kowanne, wasu har da ranar da ta saya. Hajiya na gani ta fara hawaye, sai da na rufe na koma ɗaki da su. Malam Mai Laburare, ƙarfen da aka ɗinke su da shi ya yi tsatsa, ya ci takardar tsakiya ta yi ja. In cire ko in bari? Waɗanda suka manne kuma fa?

Mai Laburare: Allah ya jiƙanta, Malama. Ƙarfen ki cire, amma kada ki fisga. Ki buɗe littafin a tsakiya, ki sa bakin siririyar wuƙa marar kaifi ki miƙar da ƙafafun ƙarfen biyu, sannan ki zare shi ta baya a hankali. Ki kakkaɓe garin tsatsar da burushi mai laushi, ki sa kowane littafi a cikin farar takarda mai kyau da aka ninka biyu don shafukan kada su watse. Waɗanda suka manne kada ki ɓamɓare, kada ki sa su a rana, kuma ki ware su daga sauran ko da fumfuna. Ki ɗauko mini hotonsu ta gefe da ta sama in ga yadda mannewar take tukuna.